Raƙuman Bayan Zana

Kun ce in ba ku labarin aiki. To, ranar da har yau ba ta fita raina ba ita ce ranar da baƙon Yamai ya zo duba gidan koyon sana'a na garin Tawa, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Ni ne tafinta kuma mai tsaron kayan gidan.

Malamarmu Inna Tabawa ce, maginiyar tukwane daga Barmu. Da hannu take gini. Takan murza yumɓu kamar igiya, ta yi ta ɗorawa har raƙumi ko rago ya tashi, sannan ta goge shi da tsakuwa. Mata take koya wa, yawancinsu zawarawa. Duk abin da ɗaliba ta ɓata, bayan zana ake jefa shi, a daka shi a cuɗa da sabon yumɓu don ya yi ƙarfi.

Darakta ya gaya mana gaskiya: in baƙon bai gamsu ba, za a rufe ajin. Muka share gida, muka jera raƙuman Inna a kan tebur, sumul-sumul.

Baƙon ya iso da wani Bature masanin zane. Baturen ya dubi teburin ya taɓe baki, wai irin na kanti ne. Can ya zagaya neman inuwa, ya ci karo da tarin bayan zana. Sai ga mutum durƙushe, rungume da wani raƙumi mai karkataccen wuya da gajeriyar ƙafa, yana cewa ga fasahar ƙasar Adar ta ainihi.

Inna ta taɓa ni. "Ɗana, mi ya ce?"

Kunya ta kama ni, na ce, "Inna, wai waɗanga sun hi kyau."

"Waɗanda munka aje don daka?"

"Su."

Ta dube shi ta ce, "Hwaɗa mishi mun gode."

Aji ya tsira, har aka ce mu riƙa aika irinsu Yamai duk wata. Nan matsala ta taso, domin ɗaliban Inna hannunsu ya riga ya faɗa. Sun yi iya ƙoƙarinsu su ɓata, raƙuma suka ƙi karkacewa. Ita kuwa Inna ta rantse ba za ta lalata yumɓu da gangan ba, ko perefe mai mulkin Tawa ne ya zo da kansa.

Dole darakta ya aike ni ƙauyukan Afala da Bambai neman matan da ba su taɓa riƙe yumɓu ba. Su zo su ɓata mana na Yamai, Inna ta koya musu, su ƙware, in sake fita neman wasu. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, mata da yawa suka samu abin ciyar da 'ya'yansu.

Abin da na koya shi ne, manya ba lalle su san dalilin da ya sa suka yi alheri ba, kuma ba aikin tafinta ba ne ya fahimtar da su. Abu ɗaya ne yake min ciwo har gobe: Inna Tabawa ta rasu ba a taɓa kai raƙuminta ko ɗaya Yamai ba.