Mai Bene da Keken Mahaifinsa

Shekara talatin da ɗoriya tela ya yi yana ɗinki a shago ɗaya, da keken ɗinki ɗaya, wanda ya gada daga mahaifinsa. Baƙin keke ne mai feda, fentinsa duk ya koɗe inda hannu ke taɓawa. Matarsa takan ce da gobara za ta tashi, keken zai fara fitarwa, sannan ya dawo ya tambayi ina take. Bai taɓa musawa ba.

Da can ruwan damina ba ya wuce bakin ƙofar shagon. Sai abu ya canza: a yi sati uku ba ko ɗigo, rana ɗaya kuma a sheƙa na wata guda cikin awa biyu. Kwatar da ke gaban shagon ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shigo har ƙafafun keken. Tela ya ji a rediyo cewa canjin yanayi ne, duk duniya ake fama. Labarin ya yi masa daɗi ƙwarai, don abin da ya gagari duniya ba shi za a ce ya ɗaukar wa shebur ba. Balle ma a ganinsa daga gefen maƙwabcinsa mai aski kwatar ta toshe. Mai aski kuwa ya rantse daga gefen tela ne. Shekara biyar suna wannan musu a kan benci ɗaya, ba wanda ya ko leƙa kwatar.

Dabarar tela ita ce bulo. Ya jera layi ɗaya, ya shimfiɗa katako, ya ɗora keke da kujerarsa. Da shekara ta zagayo ruwa ya ƙaru, ya ƙara layi. A na huɗu fanka ta fara taɓa masa hula, sai ya cire fankar. Masu kawo ɗinki suka koma miƙa yadi sama, in kuma awo za a yi sai ya sauko ta kan akwati yana dafe gwiwa. Nan aka laƙaba masa Mai Bene, shi kuwa har amsawa yake da fara'a.

Wata rana da tsakar rana aka kece da ruwa. Kafin ya gama ɗinke wuyan riga, ruwa ya cinye bulo uku, ya zaizaye ƙasan gefe guda, bene ya fara karkata. Ya rungume keken kamar jariri, tsoro ya kama shi sosai. A haka matarsa ta same shi, ta kawo masa abinci, ruwa har gwiwarta. Ta dubi mijin, ta dubi sama.

"Baban yara, saura rufin. Shi ma cirewa za ka yi?"

Tela ya ƙara ƙanƙame keken. Ta ajiye kwano, ta hau ta riƙe keken, ta ce akwai shebur a bayan ƙofa. Tela ya sauko, ya ɗauki shebur, ya nufi kwata.

Mai aski ya fito taya shi, don nasa shagon ma ya cika. Suka zura shebur ƙarƙashin kwalbati, suka jawo wani ƙaton dunƙule. Ƙyallaye ne, sharar yankan yadi ta shekara da shekaru, wadda tela ke turawa kwata kullum in zai tashi. Ya gane su ɗaya bayan ɗaya, har da shuɗin yadin rigar da ke jikin mai aski. Abin da ya ɗaure su tamau kuwa gashi ne. Kunya ta rufe su, ba wanda ya dubi wani. Kwata ta yi wata irin gyatsa, ruwa ya kama hanyarsa.

Washegari tela ya sauke bulon layi-layi. A kan siminti ya ga 'yan ramuka huɗu da ƙafafun keken suka cinye tun zamanin mahaifinsa. Ya mayar da keken cikinsu, ya zauna daram. Tela ya daɗe da hannunsa a kan keken, idonsa ya cicciko.

Yanzu buhu yake tara ƙyallaye. Amma har gobe in ka zauna a bencin nan, zai gaya maka gashin ya fi yawa.