An Ɗan Taɓa

Kowa a unguwar Khumra ta Jidda Muhandis, wato injiniya, yake kiran Malam Nasir, amma wannan ba abin fasa kai ba ne, domin a can duk wanda ya riƙe sifana, baƙin mai ya ɓata masa riga, muhandis ne. Bambancin kawai, shi nasa na gaske ne. Injiniyan lantarki ne, a Zariya ya yi karatu. Da ya zo Jidda da ƙuruciyarsa, iƙamar da ta samu, wato takardar izinin zama, ta mai gyara ce, ya karɓa, ya ce kafin a ga abin da hali zai yi. Yana nan yana jiran halin har furfura ta cika masa gemu.

Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a kan iƙama, wani tsoho ne mai suna Hamad, mai warsha, wato shagon gyaran injinan sanyi na manyan ɗakunan ajiya. Mutumin kirki ne, a faɗi gaskiya. Shi ya tsaya har aka kawo wa Nasir matarsa Rahamatu. A unguwar Bani Malik suka zauna, a nan aka haifi 'yarsu Manal, a nan kuma ciwon ƙoda ya ɗauke Rahamatu, aka binne ta a Jidda. Tun daga ranar Nasir bai ƙara zancen komawa gida ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biya maƙabarta ya yi mata addu'a.

To, Hamad ya rasu. Ɗansa Muath ba shi da ra'ayin warsha, sayarwa zai yi. Bai ɓoye ba, ya ce, "Ya ammi, baffana, ka nemi wanda zai karɓi kafalarka kafin iƙamarka ta ƙare. In ba a samu ba, sai huruj." Huruj kuwa fita ce da ba dawowa. Kuma ba shi kaɗai ba, har Manal, tun da iƙamarta a jikin tasa take rataye. Budurwa ce da ba ta taɓa taka Nijeriya ba, Hausar ma tana ji ras, amma in za ta mayar sai ta cakuɗa da Larabci.

Zaharadden, maƙwabcinsu direba, shi ya shigo da labari. Kamfanin da yake tuƙa wa mota na neman injiniyan sanyi, ya yi musu maganar Nasir, an sa ranar muƙabala, wato intabiyu. "Yaya Nasir, don Allah ka buɗe baki ranar nan," ya ce. "Na san halinka."

Halin nasa kuwa shi ne, Nasir bai iya cewa "ni" ba. Tarbiyyar gidansu ce a Funtuwa, inda yabon kai abin kunya ne. Ka tambaye shi wa ya ta da injin da ya gagari kowa, sai ya ce, "An dai yi ƙoƙari." Ka ce ya iya kaza? "An ɗan taɓa." Bahaushe in ya ji dattijo ya ce an ɗan taɓa, ya san ya zo wurin gwani, sai ya gyara zama. Amma ina Bahaushe a ofishin kamfani?

Manal ce ta ɗauki shirin a kanta. Kullum bayan la'asar sai ta zaunar da shi a falo, ta ɗora ƙafa kan ƙafa, ta zama manaja.

"Yalla, Baba. Me ka yi a warsha?"

"To, alhamdu lillahi, an yi gyare-gyare..."

"Wa ya yi? Aljani? Ka ce ana, ni, ni na yi!"

"Ke 'yar nan, mutum ya zauna yana ni, ni, kamar ba Allah ne ya yi ba?"

"Baba, wallahi za su kore mu."

Nan sai tsoro ya kama shi, domin gaskiya ta faɗa. Lissafin aikin injiniya bai ba shi wahala ba, da ya buɗe tsofaffin littattafansa duk ya dawo. Kalmar nan ɗaya ce take maƙale masa a wuya kamar ƙayar kifi. Da ƙyar da roƙo, har da kukanta sau ɗaya, ya fara iya cewa, "Ni na haɗa wutar ɗakin ajiyar kifi." Yana faɗa yana kallon ƙasa kamar wanda aka kama da sata. Manal ta tafa, ta ce ya ƙara. Ta kai kwat ɗinsa wurin guga a Aziziyya, ta rage masa gemu da kanta.

Ranar muƙabala mutum biyu ya tarar, matasa, sa'annin 'yarsa, masu fara'a. Suka miƙe masa, suka kira shi muhandis, suka ba shi gahawa. Kai, da ma sun ɗaure fuska! Da sun yi masa wulaƙanci da ya tuna darasinsa. Amma yara sun girmama shi, ta yaya dattijo zai zauna gabansu yana cika baki? Da babban cikinsu ya tambaye shi ko ya ƙware a manyan injinan sanyi, abin da ya ƙare rayuwarsa a kai, sai bakin ya koma gida. Ya yi murmushi, ya juya "an ɗan taɓa" zuwa Larabci, ya ce, "Shuwayya, shuwayya." Kaɗan-kaɗan.

Yaron ya gyaɗa kai, ya rubuta. Shi kaɗan ya ji, kaɗan kuma ya ɗauka, kuma ba laifinsa ba ne. Sauran tambayoyin gajeru ne. Suka raka shi har ƙofa da ladabi.

A mota Nasir ya gane abin da ya yi. Bai ɓoye wa Manal ba. Ba ta yi faɗa ba, ta shiga ɗaki ta rufe, shi kuwa ya zauna a falo da kwat a jikinsa, baƙin ciki ya hana shi ko cire takalmi. Zaharadden ya koma ya roƙa, aka ce masa halas, an riga an ɗauki wani.

Juma'ar ƙarshe kafin tafiya, Zaharadden ya kai su maƙabarta. Manal ta zauna a mota bakin ƙofa, Nasir ya shiga shi kaɗai. Kaburburan duk iri ɗaya ne, ba suna, amma ƙafarsa ta san wurin. Ya daɗe a tsaye cikin rana.

Da ya dawo, Manal ta dube shi. Kwanakin nan tana ta koyon Hausar da za ta yi wa dangin da ba ta sani ba, irin ta ubanta, mai kunya. A hankali ta ce, "Baba, an gaishe ta?"

"Na gaishe ta," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Na gaya mata ni na kawo ta garin nan, kuma ni ne zan tafi in bar ta."

Zaharadden ya ta da mota.