Sun Sayar da Ogan Ɗinka Kana Asibiti, Kawu Vendelin

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, ƙararrawar cocinmu ta sanar da mu rasuwarka, Kawu Vendelin Hraško. Na so in yi wannan rubutu da sanyin zuciya, amma abin ya gagare ni.

Tun ina yarinya cikin mawaƙan coci, kai ke kaɗa mana ogan, babban abin kiɗan cocinmu mai aiki da iska. Layi biyu na maɓallai, muryoyi goma sha huɗu, bututu sama da ɗari takwas, na katako da na kuza. Kakanninmu tumakinsu suka sayar aka ƙera shi. Da sojoji suka kwashe bututun gaba lokacin yaƙi, kakanka ya maye gurbinsu da na tutiya.

Shekarar da ɓeraye suka cinye fatar zugazuginsa, rigarka ta fata ka yanka ka liƙe shi. Matarka, Inna Apolonia, ta yi ta faɗa: "Tsohon nan, sanyi zai kashe ka!" Ka ce, "Ni ina da ke. Shi wa gare shi?" Ranar jana'izar mijina da karyayyen yatsa ka kaɗa, ba ka bari na sani ba.

Sai ga shi bara, kana kwance a asibiti, kwamitin coci ya sayar da shi. Shugabansu, Ondrejka, ya ce wai ruɓaɓɓen katako ne. Ƙarya ce! Ranar Ista duk mun ji muryarsa. Yanzu bututun na rataye a bangon ɗakin cin abincin wani otal, mu kuma an ajiye mana akwatin kiɗa na lantarki. Da aka sallame ka, ka sa aka hau da kai benen coci, inda ogan ɗin yake a da. Ka daɗe kana kallon wurin, sannan ka ce, "Ko ƙurar ba su share ba." Ba ka sake taka cocin ba.

Ranar binne ka, ba kunya, suka kunna kiɗanka da aka naɗa, Ondrejka har da share hawaye. Inna Apolonia ta miƙe tsaye. "Ondrejka, kashe min abin nan. Kun sayar da ogan ɗin, kuma ku zo ku yi kuka da muryarsa?" Aka kashe. Da waƙar bakinmu kawai muka raka ka kabari.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya ba ka hutawa ta har abada. Ya ba Inna Apolonia da 'yarka Zdenka haƙurin da ni har yau ban samu ba. Amin.