Matar da ta roƙe ni kada a fasa dutsen

Shekarun baya, kafin in dawo Tudun Fulani in kama turin baro a Kasuwar Kure ta Minna, na yi aiki a wani kamfanin fasa dutse da ke kan hanyar Wushishi. Abin da zan gaya muku a can ya same ni, da rana tsaka, idona biyu, ban sha komai ba. Wallahi ya faru. Wanda bai yarda ba, ba zan ja da shi ba.

Ku fara sanin cewa ni ba matsoraci ba ne. Na yi haƙar zinariya, rami ya rufta da mu, ni kaɗai aka ciro da rai. Injin niƙa tsakuwa ya cinye mini yatsu biyu, na ɗaure da tsumma na koma bakin aiki. Saboda yatsun nan ne ma aka cire ni daga inji aka ba ni zagaye.

Ga yadda zagaye yake. In an huda dutse an cusa nakiya, ba a tayar da ita sai mutum ɗaya ya kewaye dutsen da ƙafa, yana buga tsohuwar garma da guntun rodi, yana ihu, don Fulani su janye shanu, mata masu itace su sauko. In ya dawo sai ya ɗaga jan ƙyalle. Muddin ba a ga ƙyallen nan ba, ba a taɓa wayar nakiya. Ni ne mai garma, ni ne mai ƙyalle.

Mun cinye gabashin dutsen, sai aka ce za a koma yamma, inda akwai wani kogo da itatuwa suka rufe bakinsa. Masu huda suka fara aiki ta sama. Ranar nan ina zagayen wata ƙaramar fashewa ta gabas, na biyo ta bakin kogon ina buga garmata, sai na ga mace zaune a kan fa, wani shimfiɗaɗɗen dutse.

Tsohuwa ce, kanta fari fat, ramammiya, da ɗaurin ƙirji irin na matan Gbagyi na ƙauyen da ke gindin dutsen. Na ce, "Iya, sauka, za a yi wuta."

Ba ta motsa ba. Ta ce, "Mai ƙarfe, ka gaya wa masu huda su dakata. Yarana ba su buɗe ido ba."

Na ce, "Jikoki dai, Iya. Kuma wa yake ajiye jarirai a kogo? Ki kwashe su ki kai gida."

Ta ce, "Ina zan kai su?"

A nan ne na dube ta da kyau, sai na ga zanenta ya jiƙe a ƙirji, nono yana ɗiga har kan dutse. Tsohuwar da ta isa haifar uwata! Ga wani wari a wurin kamar inda kyanwa ta daɗe tana kwana, kuma tunda muka fara magana idonta bai ƙifta ba. Ta ce, "Ku dai bari su iya tafiya kawai. Ba na neman dutsen. Na bar muku."

Na juya in ga ko akwai wani a bayana da zai zama shaida, na waiwayo, babu kowa a kan fa. Amma jiƙar nonon tana nan, tururuwa har sun fara taruwa.

Da aka tashi aiki na gangara ƙauye wurin Baba Yohanna, wani dattijo manomi da nake sayen doya a hannunsa. Na ba shi labari. Ya ajiye fartanyar da yake gyarawa, sannan ya ce da irin Hausarsa, "Kaka ne ka gani." Na ce wace Kaka? Ya rage murya ya ce su ba sa kiran sunanta, amma ku Hausawa damisa kuke cewa. Ya ce tun zamanin iyayensu, in akuya ta mutu a ƙauyen ba a jefar da ita, a kan wani fa ake ɗora ta a bar wa mai dutse, ita kuma ba ta taɓa ɗan mutum ba, kuma ita ke hana gwaggon biri sauka ya cinye masara. Da, in ji shi, kowane dutse a yankin da tasa. Masu fata suka bi su da tarko, masu gawayi suka share dajin, yanzu daga nan har bakin kogi ita kaɗai ake jin muryarta, kamar mai yankan katako da zarto.

Na ce, "To Baba, ku je ku yi magana mana."

Ya ce, "Mun je tun farko. Suka nuna mana takarda."

Washegari na tari Oga Danladi, wanda yake kan leburori. Ban ce masa tsohuwa ba, na san zai ce na sha ƙwaya. Na ce akwai damisa da 'ya'ya a kogon yamma, a ɗaga fashewar nan zuwa bayan kaka. Ya yi dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Kai mai yatsu takwas, yaushe ka zama ungozomar damisa? Tifofi suna layi, masu titi suna jiran tsakuwa, ka ce in tsaya sai kyanwa ta yaye?" Da ya ga ban yi dariya ba sai ya matso ya ce, "In da gaske kake, ka yi shiru. Yaran nan suka ji, da kansu za su shiga da adda. Ka san abin da fatar take kawowa."

Wannan gaskiya ya faɗa. Na yi shiru.

Ranar hutu na hau bayan tifa na shigo Minna, na yi ta tambaya har aka kai ni wurin wani ma'aikacin kula da namun daji, Malam Ndagi, mutumin Bida. Na zaci zai kore ni. Bai kore ni ba, ya ba ni kujera da ruwa, ya saurare ni har ƙarshe. A bangonsa akwai hoton wata ƙatuwar damisa mai zane-zane dogaye, ba ɗigo-ɗigo irin tamu ba. Ya ga ina kallo, ya ce ta ƙasar Indiya ce, su ma sun kusa ƙarewa, sai da aka ware musu daji aka sa masu gadi. Ya ce, "Tamu kuwa, ɗan'uwa, mutane sun ɗauka ta ƙare, shi ya sa ba wanda yake nemanta. Kana da hoto?"

Wayata 'yar ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto. Ya ce zai rubuta wa na sama da shi, amma kamfanin yana da izini, kafin amsa ta sauko sai an ɗauki lokaci, motarsu kuma tana wurin bakanike tun damina. Na ce cikin satin nan za a cusa nakiya. Ya dafe kai da hannu biyu. Ya rako ni har bakin titi yana cewa zai yi iyakar ƙoƙarinsa, na kuma san ba ƙarya yake yi ba. Na dai san ba zai iso ba.

Ranar ta zo. Tun da safe aka cusa nakiya a ramukan yamma, kuma dokar aikin ita ce in an cusa ba ta kwana, sai an tayar. Aka miƙo mini garma da ƙyalle.

Na yi zagayena yadda na saba, na kori wasu shanu, na sauko da mata biyu masu itace. Da na iso bakin kogon sai na ajiye garma, na zauna a kan fa ɗin nan, na cusa ƙyallen a ƙarƙashin cinyata. Dabarata ke nan, ba ni da wata. In ban koma ba, ba za su taɓa waya ba.

Jama'a, ina zaune na ji su. Wani ɗan siririn kuka daga ciki, kamar na jinjirin da bai ƙoshi ba, wani ya amsa masa. Sai kuma zarton nan da Baba ya faɗa, a hankali, kusa da bayana, har ina jin sa a haƙarƙarina. Ban waiwaya ba. Na ce, "Iya, don girman Allah ki ɗauke su ki fita. Ba zan iya riƙe mutanen nan har yamma ba." Zarton ya tsaya. Ba abin da ya fito.

Rana ta take, inuwa ta fara juyawa, sai ga Oga Danladi da ƙarti uku. Ya ce, "Ka haukace ne? Nakiya tana cikin rana tun safe, kana so ta tashi da kanta ta kashe mu duka?" Na ce ba inda za ni. Na kama saiwar wani itace da hannuna mai kyau. Suka ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, suka ɗauke ni cak kamar buhun siminti, ina zagi ina harbi da ƙafa. Oga ya zaro ƙyallen da kansa. Shi ya ɗaga.

Na sha jin fashewa, amma wannan a cikin haƙorana na ji ta.

Da ƙura ta lafa aka shiga da katafila. Wajen la'asar wani lebura ya yi ihu, aka taru. 'Ya'yan damisa ne guda biyu, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba, gashinsu toka-toka da ɗigo, idanunsu a rufe. Uwar kuwa an tone kogon har ƙasa, ko gashinta ba a gani ba. Kafin in kutsa cikin taron wani ya riga ya sa su a leda. Ban san inda aka kai su ba.

A ranar aka sallame ni. Na ɗaure kayana na tsaya a bakin ƙofar kamfani ina jiran tifar da za ta rage mini hanya, rana ba ta faɗi ba, mai gadi yana alwala a gefena. Sai karnukan wurin guda biyu suka yi wani irin kuka suka shige ƙarƙashin mota. Na ɗaga kai. Ga tsohuwar nan tafe a tsakiyar hanyar tifa, ƙura ta rufe ta fari tas, ba ta ɗauke da komai.

Na jira tsinuwa. Wallahi da ta tsine mini da ya fi mini sauƙi.

Ta tsaya a gabana ta ce, "Sannu da ƙoƙari, mai ƙarfe." Sannan ta ce, "Kai da kake yawo, nuna mini. Ta ina ne babu mutane?"

Na dubi gabas, kwalta ce da hanyar Minna. Yamma hayaƙin masu gawayi. Kudu gonaki har inda ido ya tsaya, arewa wani kamfanin ya fara cin nasa dutsen. Na ɗaga hannu zan nuna, hannun ya tsaya a sama, na rasa inda zan kai shi. Ta jira ni, ta jira. Da ta ga ba ni da amsa sai ta gyaɗa kai, ta tsallaka titi, ta shiga cikin dawar wani.

Na ce wa mai gadi, "Ka ga matar nan?" Ya ce shi bai ga kowa ba, ni dai ya gani ina ɗaga hannu ina magana da iska. Amma sai da aka jawo karnukan nan da igiya kafin suka fito.

Ban ce mutum ce ba, ban ce dabba ce ba, ban ce aljana ce ba. Ban sani ba, kuma malamai biyu da na tambaya kowa da abin da ya faɗa. Na haɗu da ɗan Baba Yohanna a Kure ya kawo doya, ya ce tun ranar ba su ƙara jin muryarta ba.

Abin da zan ce muku kaɗan ne. In kun ga fatar damisa a shimfiɗar mai magani, kada ku saya, kada ku taya. In kun ji ana shirin cin wani daji ko dutse da kuka san akwai mai rai a ciki, ku yi magana tun kafin a huda rami, don in an cusa nakiya magana ta ƙare. In kuma akwai wanda ya san wurin da har yanzu babu mutane, ya riƙe a cikinsa. Kada ya gaya wa kowa, ko ni. Wataƙila ta kai can.