Darasin Mutuwar Taurari da Takardar Tuhuma

Har yau ranar Talatar nan ba ta bar raina ba. Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata kusa da Ƙofar Galadima, shekarata ta shida a aiki.

Ranar Litinin na koya wa 'yan aji biyar yadda manyan taurari ke mutuwa. Na ce idan makamashin tauraro ya ƙare, sai cikinsa ya rufta saboda nauyinsa, ya tarwatse da hasken da kan rinjayi na dubban miliyoyin taurari. Na nuna musu hoton ɓurɓushin wani da ya fashe. Rukayya, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta roƙi in ara mata hoton. Na hana, don kayan makaranta ne.

Washegari shugaban makaranta ya kira ni ofis.

"Malam Yusha'u, me ka faɗa wa yara? Mahaifin Rukayya, Malam Ladan mai karatun zaure, ya aiko yana son ganinka kan maganar taurari."

"Ranka ya daɗe, abin da ke cikin manhaja ne."

"Manhaja ce za ta tare mini mutanen gari?"

Ya miƙo mini takardar tuhuma. A aikin gwamnati, wannan takarda ce da ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce, kuma tana zama a fayil ɗinsa. Da Malam Ladan ya iso, shugaba ya tare shi a bakin ƙofa, ya ba shi haƙuri, ya ce an hukunta ni. Ba a bari mun haɗu ba. Ƙarshen zango aka mayar da ni ƙauye.

Bayan shekara uku na ji Malam Ladan ya rasu, na je ta'aziyya. Rukayya ta leƙo soro muka gaisa.

"Malam, ai Baba ba ƙara ya kai ba," in ji ta. "Hoton yake son gani, ya yi maka tambayoyi. Ya ce wannan ikon Allah ne da ya kamata a duba. Har ya rasu yana jin nauyinka kan abin da aka yi maka saboda shi."

Na tambayi karatunta. Ta ce ba a turo wani malamin kimiyya ba, sai ta koma ɓangaren adabi.

Ku sababbin malamai da kuka shigo aikin nan, idan uba ya zo makaranta, ku ba shi kujera ku ji ta bakinsa tukuna. Mu mun yanke hukunci kan maganar da ba wanda ya tsaya ya saurara.