Maganin 'Yan Cana a Tukunyar Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina tsaron wani shagon kayan famfo a Gwarinpa, cikin Abuja, hancina ya sa ni a gaba. Ba mura ba ce irin wadda za ta yi kwana uku ta kama gabanta. Atishawa ce a jere, goma, sha biyar, ido yana ƙaiƙayi, hanci yana tsiyaya, daga baya ya toshe gaba ɗaya. Ina sayar wa mutane abin tsayar da yoyo, nawa ya gagare ni. A asibiti aka ce jikina ne ba ya shiri da wasu abubuwa, musamman hayaƙi da ƙamshi mai ƙarfi, aka ba ni ƙwayoyin da suke sa ni gyangyaɗi a kan kanta.

Inda gizo yake saƙar shi ne, sana'ar mahaifiyata turaren wuta. A Masaka take zaune ita da ƙanwata, kullum kasko yana ci a ɗakinta. In na je gaishe ta, ko minti biyar ba na yi sai in fito da gudu ina share hawaye. Ƙarshe na koma durƙusawa a bakin ƙofa, in ajiye ledar cefane in juya. Ni ne ɗan farinta, ko sunana ba ta kamawa, balle ta ce in zauna mu yi hira. Amma ƙanwata ta tsegunta mini ta ji ta tana ce wa maƙwabciya, "Ɗan Gwarinpa ne yanzu, ɗakinmu ya yi masa kaɗan." Maganar ta yi mini zafi, kuma na rasa bakin da zan wanke kaina.

Ina da wani abokina ɗan Filato, wanda Hausarsa ba ta raba namiji da mace, direban wani ɗan Cana ne a kamfanin gini wajen Lugbe. Wata rana ya shigo shago da wata leda.

"Mutumina, wahalar ka ta ƙare," in ji shi. "Oga na ma tana wannan atishawa, shi ne ta kawo magani daga gida. Ƙulli goma, ɗaya kullum. Ruwa kofi uku, ka dafa ya koma kofi ɗaya. Amma ta ce no tukunyan ƙarfe, sai na ƙasa."

Gwauron da ke da butar shayi ɗaya tal, ina zai ga tukunyar ƙasa? Ranar na tashi daga shago da wuri, na sha cunkoson Mararaba, na isa Masaka bayan la'asar.

Mahaifiyata ta kwance ƙulli ɗaya ta zube a faifai. Saiwoyi ne yankakku, da sassaƙe, da wasu 'ya'yan fure masu gashi-gashi, da wasu ƙananan 'ya'ya masu ƙaya. Ta ɗaga ɗaya da farce ta ƙura masa ido.

"Wannan ai ƙarangiya ce. Mutanen nan ko tsinta ba sa yi?"

"Inna, an ce kada a cire komai."

"Wanda ya ce ɗin ya fi ni sanin ƙarangiya? Ni da na yi kiwo ƙafa ba takalmi?"

Ta tsince su tas kamar tana tsintar shinkafa, ta watsar. Ta ƙara citta da kanumfari da 'yar jar kanwa, wai magani ba kanwa wasa ne. Sannan ta yanke hukunci ba tare da ta kalle ni ba: tukunyarta ba ta zuwa Gwarinpa, mai son magani ya zo ya sha.

Haka na riƙa zuwa kowace yamma. Kafin kofi uku ya koma ɗaya a kan gawayi sai an kusa awa guda, dole in zauna. Ga ɗaci kamar maɗaci. A rana ta huɗu ruwa ya tsinke, na fake a ɗakinta ina jiran atishawa, shiru. Rana ta shida ina kishingiɗe a tabarmarta, tana ba ƙanwata labarin yadda mahaifinmu ya fara tura kurar ruwa a garin nan, amma da murya mai ƙarfin da na san da ni take. Tun ina yaro rabon da in zauna kusa da ita haka.

Na je na rungume abokina, na ce ya gaishe da oga. Da ya dawo sai ya ce, "Na gaya mata Mama ta cire ƙaya, ta riƙe kai. Ta ce wannan ƙaya ɗin shi ne na hanci." Muka yi ta dariya, muka bar nasarar wa kanwa.

Abu ɗaya na lura da shi ban tanka ba. Ƙulli goma sun yi sati uku. Ruwan yana ta ƙara haske, ɗacin yana raguwa, a ƙarshe kusan shayin citta nake sha. Ita ba ta ce ya ƙare ba, ni ma ban tambaya ba. Da ya ƙare ɗin ƙafata ta riga ta saba, duk Juma'a da Lahadi ina Masaka, har shekara shida.

Ranar da Allah ya karɓi abinsa, mata suka cika gidan, kowacce ta buɗe baki sai ta ce ba za a sake turare irin nata ba. Bayan sadakar bakwai na ce wa ƙanwata, ko ba komai maganin 'yan Cana ya yi mini rana. Sai ta ce:

"Yaya, kai har yau ba ka gane ba? Washegarin da ka fara zuwa ta kwashe kasko da kwalabe ta kai ɗakin maƙwabciya. Labule da zannuwan gado ni na wanke su sau biyu. Can take haɗi da safe, ta dawo ta yi wanka ta sake kaya kafin ka iso. Ta ce in na gaya maka ba ta yafe ba."

Ta miƙo mini kwalba ɗaya da ta rage daga haɗin Inna na ƙarshe. Da na koma ɗakina na rufe taga, na zuba a garwashi, na sa fuskata a ciki. Kafin in shaƙi na biyu hancin ya toshe. Na yi atishawa har haƙarƙarina ya yi ciwo, ban ji ƙamshin komai ba.

Har yau in an tambaye ni ko maganin Cana yana aiki, cewa nake Allah ne masani, don ni ban sha shi yadda aka ce ba. Abin da na sani shi ne ina kewarta, kewa mai tsanani. Rabin Masaka sun san ƙamshin hannun mahaifiyata, ni ɗanta ban sani ba, kuma ita ta zaɓi haka don in zauna.