Allon Ja Na Biyu

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Almakashi yana kula da lambun cibiyar bincike, har tafin hannunsa ya koma kamar bayan tukunya. Mutum ne marar yawan magana. Tun da matarsa ta rasu kuwa, sai ya zama ko gaisuwa sai an ciro ta daga bakinsa.

A kusurwar lambun akwai abu biyu a hannunsa: wani ɗan mitsitsin biri mai dara-daran idanu a keji, da wata 'yar bishiya mai furen ruwan ƙwai a jikin kejin. Kowanne da allonsa, an rubuta danginsa da jinsinsa da halin da yake ciki. Na birin ja ne: "Yana gab da ƙarewa." Na bishiyar fari: "Ba a tantance ba." Dokar wurin kuwa, mai jan allo ko ƙuda ba ya taɓa shi, mai fari sai yadda aka yi da shi.

Rannan shugabar cibiyar ta ce za a faɗaɗa kejin, a sare bishiyar.

"Ranki ya daɗe, na yi yawon daji iya yawo, ban taɓa ganin 'yar'uwarta ba," in ji Baba. "Bara ma mun aika wa masana ganyenta su duba."

"Haba Baba, mutanen da har yau ba su amsa ba? Birin nan fa a takure yake."

Gaskiya ta faɗa, a takuren yake. Baba da kansa ya sare ta, ya yanki reshe bakwai ya dasa a gwangwanaye. Ɗaya bayan ɗaya suka bushe. Ya zuba ido ko zai ji baƙin ciki, amma wallahi babu abin da ya ji.

Bayan wata huɗu amsa ta iso: ashe bishiyar jinsinta daban ne, ba a san wata irinta a ko'ina ba. Har da sabon allo suka haɗo, ja jawur. Shugabar ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

"Ina zan kafa?" ya tambaya.

Ya je kusurwar, ya tarar siminti ne shafe a wurin. Sai ya ɗaure allon da waya a jikin kejin, birin na leƙensa, ya koma ya buɗe famfo ya ci gaba da ban ruwa.